SAYEN GIDA BA TARE DA BINCIKEN GINI BA, CINIKIN BIRI A SAMA NE

Tun lokacin da fitinar 'yan bindiga ta yi tsanani a kudanci da yammacin Jihar Katsina, gida ya shiga cikin kadarorin da suke yawan sauya hannu a Daudawa da sauran garuruwan Ƙananan Hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Wani ya sayar da gidan gado don ya haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa, wani ya sayar don ya yi ƙaura zuwa Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya, wani kuwa ya ga araha ya saya, yana sa ran zaman lafiya zai dawo. A can inda aka yi gudun hijirar kuma, buƙatar muhalli ta sa ana ta ɗora bulo a kan bulo cikin gaggawa, ana sayar wa baƙin da ba su san halin ƙasar wurin ba. A cikin dukkan wannan ciniki ana binciken iyaka, ana binciken magada, ana neman shaidu. Amma abin da zai rufa a kan mai saye da iyalinsa dare da rana, watau ginin kansa, da wuya ka ji an ce an kira masani ya duba lafiyarsa kafin a biya kuɗi.

Masu karatu ba su manta da yadda aka zo nan ba. A watan Yuni na 2020 aka kai hari ƙauyen Kadisau na ƙasar Faskari, aka kashe mutane masu yawa. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 Gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan wayar tarho a ƙananan hukumomi 13, cikinsu har da waɗannan ukun. A 2025 aka yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari. To, ko sulhu ya ɗore ko bai ɗore ba, akwai gidajen da suka yi damina uku ko huɗu ko fiye babu kowa a ciki, kuma wata rana ko dai masu su su koma, ko su sa su a kasuwa. Saboda haka maganar binciken gini ta wuce ƙa'idar Turawan birni, ta zama maganar tsare rai da dukiyar talaka.

IRE-IREN GIDAJENMU

Kafin a san cutar gida sai an san irin gininsa. Daudawa, wadda take tsakanin Funtuwa da Faskari, gari ne da sunansa ya fito tun zamanin Turawa saboda gonar gwaji da yaɗa irin auduga da aka kafa a can. Jirgin ƙasan da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929 ya sauƙaƙa fitar da auduga, ya kuma sauƙaƙa shigo da kwano da siminti. Daga baya, Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka soma a tsakiyar shekarun 1970 da taimakon Bankin Duniya, ya ƙara sa kuɗi a hannun manoma. Duk lokacin da amfanin gona ya yi daraja, sai a ga alamarsa a jikin gidaje. Wannan ya sa yau ake samun gini iri uku a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Na farko shi ne ginin ƙasa na asali: tubali da jar ƙasa, rufin soro a kan azara, indararo yana zubar da ruwa nesa da bango. Wannan gini yana da ƙarko matuƙar ana kula da shi. Magabata sun san cewa azarar kirki daga namijin giginya ake samunta, gara ba ta cika cinta ba, kuma ba a barinta ta ratsa fiye da ƙafa 6 ko makamancin haka ba tare da an tallafe ta ba. In ana son ɗaki mai faɗi sai a yi bakan gizo ko ɗaurin guga. Suna shafe rufi da bango da makuba ko laso don ruwa ya zame. Sharaɗin ginin ƙasa ɗaya ne, watau yaɓe da gyaran rufi kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Ƙasar da take samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, ba ta yi wa soron da aka yi wa sakaci uzuri. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, bakin azara ya ruɓe a cikin bango inda ido ba ya gani.

Na biyu shi ne ginin ƙasa da aka rufa wa kwano, aka kuma shafe shi da siminti. Wannan shi ne ya fi yaudarar mai saye, domin daga waje kamar ginin bulo yake. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Da zarar shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ciki ta riƙa narkewa alhali fuskar bango tana nan sumul, mai kyan ɗan maciji.

Na uku shi ne ginin bulo da siminti, wanda kowa yake ɗauka shi ne ƙarshen ƙarko. Gaskiyar magana, ƙarkonsa ya danganta ga amanar wanda ya buga bulon da wanda ya gina. Bayan janye tallafin man fetur a 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, har a farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura Naira 10,000 a wurare da dama. Idan siminti ya yi tsada, wanda yake gini don sayarwa ba ya rage yawan ɗakuna. Yashi yake ƙarawa, ya rage kaurin rodi, ya taƙaita zurfin harsashi. Kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfin da aka auna masa, yana kuma buƙatar a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko. Mai gaggawa ba ya jiran wannan. Fenti kuwa ba ya tona asiri.

YADDA AKE CINIKI A YAU

Mai neman gida yakan sami dillali, dillali ya zagaya da shi, a shiga zaure a leƙa ɗakuna, a tambayi ko rijiya tana ƙafewa, a yi ciniki, a yi sallama. Daga nan sai a kira shaidu, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, a rubuta takarda. Wannan tsari yana da amfaninsa, gama yana kare mai saye daga sayen gidan marayu ko gidan da ake shari'a a kansa. Amma a duba da kyau: a cikin duk waɗanda suka halarci cinikin, babu wanda aikinsa shi ne ya nemo aibin ginin. Mai sayarwa yana son kuɗinsa. Dillali la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma gwargwadon tsadar gida gwargwadon rabonsa. Mai unguwa shaidar mallaka yake bayarwa. Shaidu kuma abin da aka faɗa a gabansu kaɗai suke riƙewa.

Har ila yau akwai kunya. Mutum yana jin nauyin ya zo da magini ya riƙa ƙwanƙwasa bangon maƙwabcinsa ko na abokin mahaifinsa, kada a ce ya zarge shi da ha'inci. Abin mamaki, mutumin nan in zai sayi sa a kasuwar Sheme sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. In babur zai saya sai ya zo da makaniki. Amma gida, wanda sau da yawa shi ne taron guminsa na shekara ashirin, sai ya saye shi da kallon rabin sa'a, galibi ma da rani, lokacin da yoyo da danshi suka ɓuya.

MENE NE BINCIKEN GINI?

Ya kamata a rarrabe ma'aikata uku da jama'a suke haɗawa wuri ɗaya. Akwai safiyo, mai auna fili ya kafa duwatsun iyaka. Akwai mai ƙiyasta darajar kadara, wanda banki yakan aika kafin ya ba da rance. Shi damuwarsa ita ce ko gidan zai biya bashi in an sayar. Sannan akwai mai binciken lafiyar gini, injiniya ko ƙwararren magini, wanda yake yi wa mai saye aiki shi kaɗai, ya rubuta masa abin da ya gani, da abin da yake nufi, da abin da gyaransa zai ci.

Binciken yakan soma daga wajen gida. Shin filin tsohon kududdufi ne ko ramin da aka haƙi ƙasar gini aka cike da shara? Shin hanyar ruwa ce? Shin laka ce irin ta fadama, wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta riƙa ɗaga harsashi tana saukewa? Waɗannan tambayoyi tsofaffin unguwa sun fi takarda sanin amsarsu, kuma mai bincike na ƙwarai ba ya raina su.

Daga nan sai bango. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Cibiyar binciken gine-gine ta Ingila ta daɗe da rarraba tsagar bango bisa faɗinta: wadda ba ta kai milimita 5 ba galibi muni kawai take jawowa, ana iya cike ta, wadda ta wuce milimita 15 sai an rushe wani sashe an sake, wadda ta haura milimita 25 kuwa alama ce ta haɗari ga ginin. Siffar tsaga ma tana magana. Wadda ta bi layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, tana nuna harsashi yana nutsewa ta gefe ɗaya. Ƙofa ko taga da ta daina rufuwa daidai shaida ce ta biyu. In ana son a san ko tsagar tana ci gaba, sai a manna mata ɗan siminti ko gilashi a rubuta kwanan wata, a dawo bayan makonni a gani ko ya fashe. Bangon da aka shafe kuwa ƙwanƙwasa shi ake yi. Inda ya yi amon ganga, shafe ya rabu da bango. A gindin bango ana neman farin gishiri da ɓarewar fenti, alamar danshi yana hawa daga ƙasa.

Sai rufi. Dole a ɗaga silin a leƙa, a soki katako da ƙusa a ji ko gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. A duba ko an ɗaure katakon rufi da jikin gini, domin iskar farkon damina ba ta yaye kwano sai inda aka yi ɗaurin wasa. A soro, a tone bakin azara ɗaya ko biyu a ga lafiyarsu. A bene, a duba ƙarƙashin dakin: inda rodi ya yi tsatsa yakan kumbura ya fasa kankare, a ga jan ruwa yana tsattsafowa. Injiniyoyi suna da 'yar na'urar da ake dannawa a jikin kankare ta nuna kimanin ƙarfinsa ba tare da an fasa kome ba. Kuma lalle a tambaya: benen nan, tun farko da shi aka tsara harsashin, ko daga baya aka ɗora?

Akwai wani abu da ya keɓanci ƙasarmu a wannan zamani, watau gidan da aka cinna wa wuta. Kankaren da ya sha zafi mai tsanani yakan sauya launi ya yi ja-ja, ƙarfinsa ya ragu, rodin ciki ya yi laushi. Ana iya sake rufi, a shafe baƙin hayaƙi da fenti, amma ƙashin ginin ya riga ya raunana. Duk mai sayen gida a garin da aka taɓa kai wa hari, wajibi ne ya yi wannan tambaya.

Daga ƙarshe sai abin da yake ƙarƙashin ƙasa da cikin bango: tsohuwar rijiya ko masai da aka rufe aka yi ɗaki a kai, tazarar salga da rijiyar sha, wadda masana lafiya suka fi son ta kai mita 30, da wayoyin lantarki da aka ja da siririn waya maras inganci.

DARUSSAN DA MUKA SHA

Ran Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta a kan masu sallar La'asar, aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an lura da tsaga a bango kwana ɗaya kafin haka, ana cikin shirin kiran injiniyoyi sai ƙaddara ta riga fata. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe saboda yawan ruwa. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta ci mutum fiye da 40 a Jibiya, ta rushe ɗaruruwan gidaje, musamman na kusa da hanyar ruwa. Ginin zamani ma bai tsira ba: a ƙarshen Agusta na 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut na Kano ya danne mutane, kuma ran 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta a Jos ya rufta, mutum 22 suka mutu, yawancinsu ɗalibai.

Waɗannan su ne suka shiga jarida da rediyo. Amma kowane watan Agusta a ƙauyukanmu akwai ɗakin da yake faɗa wa uwa da 'ya'yanta cikin dare, a yi jana'iza da safe, a ce kwana ya ƙare. Babu mai jayayya da ƙaddara. Sai dai gini ba ya faɗuwa bai yi gargaɗi ba, kuma neman mai fahimtar gargaɗin yana cikin riƙo da sababi.

ME DOKA TA CE?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, na karkara kuma Ƙaramar Hukuma ce take ba da izinin mallakarsu bisa al'ada, ta kuma ce sai da yardar hukuma ake sayarwa. Duk wannan a kan fili ne. Dokar ba ta ce kome ba game da lafiyar abin da aka gina a kai. Ƙasar nan ta fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006, amma ƙarfinsa ya danganta ga jihohi su mai da shi doka su kuma zartar. Muna da majalisar rajistar injiniyoyi, COREN, tun 1970, da ta magina, CORBON, tun 1989, da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi tun 1978. Jihar Katsina ma tana da hukumar tsara birane. Amma aikin waɗannan hukumomi ya fi karkata ga sabon gini da manyan garuruwa. Dokar da muka gada daga Ingila kuwa, asalinta shi ne mai sayen gida ya buɗe idonsa, gama in ya saya ya saya, sai fa in an yi masa ƙarya ƙarara.

A nan Shari'ar Musulunci ta fi tausaya wa mai saye. Ɓoye aibin abin sayarwa haramun ne, kuma malaman Malikiyya, a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu kamar Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sun yi wa aibin gida bayani na musamman. Sun kasa shi uku: ƙarami wanda ba ya rage daraja, ba a komawa kansa, matsakaici, wanda ake mayar wa mai saye gwargwadon abin da ya rage na kuɗi, da babba, kamar tsagar da ake jin tsoron ta kayar da gida, wanda yake ba mai saye damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Sharaɗi shi ne aibin ya riga ciniki, kuma mai saye bai gan shi ya yarda ba. To, wa zai tabbatar wa alƙali cewa tsagar tsohuwa ce? Masana gini. A birnin Tunis a ƙarni na 14 an yi wani magini, Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, har ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Ashe ke nan mai binciken gini ba baƙo ba ne a al'adar Musulmi. A ƙasar Hausa ma sarautar Sarkin Magina ba don ado aka yi ta ba.

Sai dai shari'a bayan ciniki magani ne mai ɗaci. Wanda ya sayar ya riga ya raba kuɗin ga magada, ko ya biya fansa, ko ya ƙaura. Rigakafi ya fi magani.

YADDA WASU ƘASASHE SUKE YI

A Ingila doka ba ta tilasta bincike ba, amma ƙungiyar masu binciken kadarori, RICS, wadda aka kafa a 1868, ta tsara shi hawa uku, daga duba na sama-sama zuwa cikakken bincike na tsohon gida ko wanda aka yi wa sauye-sauye, mai saye ya zaɓi wanda ya dace da aljihunsa. A Sikotilan kuwa, tun Disamba na 2008, mai sayarwa ne doka ta ɗora wa nauyin kawo rahoton halin gidan kafin ya sa shi a kasuwa. A Faransa mai sayarwa yana haɗa takardun gwaje-gwaje, har da shaidar binciken gara a yankunan da aka san tana ɓarna, kuma wanda ya yi gini yana ɗauke da alhakin ƙarkonsa har shekara 10. Ba muna cewa a kwafo waɗannan dokoki a kawo Daudawa ba. Abin ɗauka a ciki shi ne, kowace ƙasa ta sami hanyar da wani mai ilmi, wanda ba shi da rabo a cinikin, zai duba ya rubuta ya sa hannu.

INDA GIZO YAKE SAƘA

Akwai masu cewa wannan ƙarin nauyi ne a kan talaka, kuma maganarsu abin saurare ce. Injiniyoyi masu rajista sun taru a Katsina da Kano da Kaduna da Zariya, kuma ba kowa ne zai yarda ya bi hanyar Faskari ko Sabuwa don duba gida mai ɗaki uku ba. Na biyu, yawancin injiniyoyinmu kankare da ƙarfe suka karanta. In ka kai su gaban soro, tsohon maginin gari ya fi su ganin abin da yake faruwa. Na uku, kuma wannan ya fi kowanne haɗari, in Gwamnati ta wayi gari ta ce ba a sayar da gida sai da takardar bincike, to, an buɗe sabuwar ƙofar cin hanci. Takarda za ta fito ba tare da kowa ya taka ƙafa ya je ba, mai saye kuma ya saki jiki da shaidar banza, wadda ta fi rashin shaida muni.

Akwai kuma tausayin mai sayarwa. Mutumin da fitina ta kora, yana sayar da gidan ubansa da rabin daraja, in aka zo aka lissafa masa aibi ba an ƙara masa zafi a kan zafi ba? Amsa ita ce, a halin da ake ciki ma masu saye suna karya farashin duk gidan da aka daɗe ba a zauna ba, mai lafiya da maras lafiya, saboda ba su san wanne ne wanne ba. Bincike na gaskiya zai ɗaga darajar gida mai lafiya, ya kuma sa a san iyakar kuɗin gyaran maras lafiya, maimakon dillali ya yi ta kushe shi don a saya a banza. Mai gaskiya ba ya asara da bincike.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, a soma da abin da ba ya bukatar doka. Duk mai niyyar sayen gida ya je da magini ko birkila da kafinta da ya amince da su, waɗanda ba su ne suka gina gidan ba, ba kuma dillali ne ya kawo su ba, ya biya su ladansu ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In bene ne, ko gidan da ya taɓa ƙonewa, ko mai babbar tsaga, to, sai injiniya mai rajista. In da hali a ga gidan da damina, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Wanda ya iya biyan la'adar dillali ba zai kasa biyan wannan ba.

Na biyu, Hakimai da Dagatai da masu unguwanni su ƙara layi a takardar ciniki, inda mai sayarwa zai bayyana a gaban shaidu shekarun ginin, da damina nawa ya yi babu kowa, da ko ya taɓa ƙonewa ko ambaliya ta shige shi, da inda tsohuwar rijiya ko masai suke. In wannan ya zama al'adar kowa, kunya ta kau, alƙali kuma ya sami abin riƙewa. Limamai su taimaka da bayanin hukuncin ɓoye aibi a huɗuba.

Na uku, sassan ayyuka na Ƙananan Hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa su haɗa kai da Sarakunan Magina su tantance amintattun magina a kowace gunduma, a ba su ɗan gajeren horo da taimakon Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a ba su takarda mai sauƙi da Hausa, ta boko da ta ajami, wadda za su riƙa cikewa. A sanar da kuɗin aikin a fili, kuma wanda aka kama ya yi shaidar zur a soke sunansa.

Na huɗu, duk lokacin da Gwamnatin Jiha za ta mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu, a tura masu duba gine-gine su riga su isa, su bi gida gida, da makarantu da masallatai da asibitoci, su ware wanda za a shiga, da wanda sai an gyara, da wanda sai an rushe. Abin takaici ne mutum ya tsira daga bakin bindiga a daji, ya dawo soron gidansa ya zama ajalinsa.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, sun kuma ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Muna kira ga hukumomi da sarakuna da malamai da su ɗauki wannan al'amari tun da rani, kada a jira sai watan Agusta ya zo a riƙa zuwa ta'aziyya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa gidajenmu su zama wurin hutawa, amin.